Imel na domen da yawa a kan saba ɗaya

Imel na domen da yawa a kan saba ɗaya tsari ne da ake saita kwamfuta guda ta riƙa karɓa, da ajiyewa, da aika saƙonnin imel na sunayen intanet daban-daban, ba tare da an ware wa kowane suna tasa na'urar ba. Domen shi ne ɓangaren adireshin imel da ke zuwa bayan alamar @, kamar buk.edu.ng na Jami'ar Bayero ta Kano, ko kanostate.gov.ng na gwamnatin jihar Kano. Saba kuwa kwamfuta ce da ke kunne dare da rana tana yi wa wasu na'urori hidima ta intanet.

Da wannan tsari kamfanonin da ke ba da hayar masaukin shafukan intanet suke aiki, haka ma gwamnatoci da jami'o'i masu rassa da yawa. Google Workspace da Microsoft 365 ma irinsa ne, sai dai su a kan dubban na'urori suke gudana. Tsarin yana rage kashe kuɗi da yawan ma'aikata. Amma rabuwar da ke tsakanin domen ɗin a cikin manhaja kawai take. Adireshin IP ɗinsu ɗaya ne, ma'ajiyarsu ɗaya, mai kula da su ɗaya, don haka abin da ya sami ɗaya yakan shafi sauran.

## Kalmomi

A rubuce-rubucen Hausa ana samun *sunan yanki* a matsayin fassarar domen, ana kuma samun *uwar garke* a matsayin fassarar saba. A wannan maƙala an yi amfani da *domen* saboda kalmar *yanki* tana iya sa mai karatu ya zaci ana maganar yankin ƙasa ne. An rubuta ta da wasalin *e* don kada ta rikice da kalmar Hausa *domin*. Jam'in saba shi ne *sabobi*. *Akwati* na nufin wurin da ake tara saƙonnin mutum ɗaya ko ofishi ɗaya a cikin saba. *Laƙabi* na nufin adireshin da ba shi da akwatin kansa, sai dai ya miƙa saƙo zuwa wani adireshin.

## Tarihi

A shekarar 1971 Ray Tomlinson, injiniya a kamfanin BBN na Amurka, ya aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu a kan hanyar sadarwa ta ARPANET, kuma shi ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa. A wancan lokaci abin da ke bayan alamar sunan wata takamaimiyar kwamfuta ne. Idan aka sauya kwamfutar, adireshin mutum ma ya sauya ke nan.

A watan Agustan 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar SMTP a takardar RFC 821. Ita ce har yau sabobi ke bi wajen miƙa wa juna saƙo, kuma an sabunta ta a RFC 5321 ta shekarar 2008. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, wato kundin da ke haɗa sunayen intanet da lambobin na'urori. A watan Janairun 1986 aka shigo da wani nau'in bayani a cikin DNS mai suna MX, wanda Craig Partridge ya yi bayanin yadda za a yi aiki da shi a RFC 974. Bayanin MX yana faɗin sabar da ke karɓar imel a madadin domen. Daga nan sunan da ke cikin adireshi ya rabu da na'urar da ke karɓar saƙon, kuma babu abin da ya hana domen goma ko dubu su nuna saba guda.

Manhajojin isar da saƙo sun biyo baya da hanyoyin rarrabe domen. Sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a farkon shekarun 1980, tana da jadawali mai suna virtusertable. Philip Hazel ya fara Exim a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1995. Daniel J. Bernstein ya rubuta qmail a tsakiyar shekarun 1990. Wietse Venema ya fitar da Postfix a watan Disambar 1998 yana aiki a IBM. Dovecot, wadda Timo Sirainen ɗan ƙasar Finlan ya fitar a 2002, ita ce ake yawan haɗawa da Postfix don bai wa masu akwati damar karanta saƙonninsu.

## Yadda saƙo ke gano hanyarsa

Idan mutum ya latsa maɓallin aikawa, manhajarsa tana miƙa saƙon ga sabar da yake da akwati a kanta. Wannan saba tana duba abin da ke bayan alamar @ a adireshin wanda aka aika wa, sai ta tambayi DNS bayanin MX na wannan domen. Amsar tana zuwa da sunan saba da wata lamba ta fifiko. Idan sabobin sun fi ɗaya, mai ƙaramar lamba ake fara gwadawa. Daga nan sai a nemi adireshin IP na sabar, a tuntuɓe ta ta ƙofa mai lamba 25.

Zancen da ke gudana tsakanin sabobin biyu gajere ne. Mai aikawa tana gabatar da kanta da umarnin EHLO, ta faɗi mai saƙon da MAIL FROM, ta faɗi wanda za a bai wa da RCPT TO, sannan ta turo saƙon kansa bayan umarnin DATA. A matakin RCPT TO ne saba mai domen da yawa take yanke hukunci, domin a nan ake ba ta cikakken adireshi. Tana duba abu biyu: ko domen ɗin yana cikin waɗanda aka ɗora mata, da kuma ko akwai wannan akwati ko laƙabi a ƙarƙashinsa. Idan duka biyun sun tabbata sai ta amsa da lamba 250. Amsa mai farawa da 5, kamar 550, ƙi ne na dindindin. Mai farawa da 4 tana nufin a sake gwadawa an jima.

Abin ya yi kama da gidan waya guda da ke karɓar wasiƙun garuruwa da dama. Ma'aikacin yana fara duba sunan gari a bayan ambulan kafin ya duba sunan mutum, saboda ana iya samun masu suna iri ɗaya a garuruwa biyu.

## Misali: Rano da Kibiya

Rano da Kibiya ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabtan juna a kudancin jihar Kano, daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar. Su da Bunkure mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma su ukun ne ke ƙarƙashin masarautar Rano tun bayan dokar masarautu ta watan Yulin 2024. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofisoshi masu suna iri ɗaya da na 'yar'uwarta: shugaba, sakatare, ma'aji, sashen lafiya, sashen aikin gona. Wannan ya sa sun dace da misalin koyarwa. Sunayen da ke ƙasa suna ƙarewa da .example, wanda RFC 2606 ta shekarar 1999 ta keɓe don misalai kawai, kuma lambar IP ɗin ma daga rukunin da aka keɓe don misalai take.

A ce an yi wa kowace ƙaramar hukuma nata domen, amma saba ɗaya za ta riƙe imel ɗinsu. Bayanan DNS za su kasance haka:

| Suna | Nau'i | Fifiko | Inda yake nunawa |
|---|---|---|---|
| rano.example | MX | 10 | wasika.masauki.example |
| kibiya.example | MX | 10 | wasika.masauki.example |
| wasika.masauki.example | A | | 192.0.2.25 |

A cikin sabar kuma za a rubuta jadawalin da ke cewa sakatare@rano.example akwati ne dabam, sakatare@kibiya.example ma akwati ne dabam, kowanne da tasa kalmar sirri da nasa wurin ajiya. Wanda ya aiko da saƙo daga Zariya ko Maraɗi ba zai ga alamar cewa na'ura guda ce ta karɓi saƙonnin biyu ba, sai idan ya bincika bayanan MX.

Idan aka yi kuskuren saiti, aka sa sabar ta ɗauki domen biyun a matsayin suna biyu na abu guda, to sakatare@rano.example da sakatare@kibiya.example za su zuba a akwati ɗaya. Takardar da aka aika wa sakataren Kibiya sai ta faɗa hannun na Rano. Wannan shi ne kuskuren da aka fi gargaɗin masu koyo a kansa.

Ba kowane reshe ne ke buƙatar domen na kansa ba. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, alal misali, tana da ɗaya daga cikin makarantunta a garin Rano. Reshe irin wannan yana iya zama a ƙarƙashin domen na uwar makaranta, ko a yanka masa ƙaramin domen ta hanyar ƙara kalma a gaban sunan. A wajen sabar imel, ƙaramin domen ma domen ne mai zaman kansa: yana iya samun nasa bayanin MX da nasa jerin akwatuna.

## Hanyoyin saitawa

Manhajoji sun bambanta a sunayen da suke bai wa abubuwa, amma hanyoyin huɗu ne. An kawo su a nan da sunayen da Postfix ke amfani da su.

Domen na gida. Ana jera domen duka a ƙarƙashin mydestination, kuma kowane mai akwati yana da asusu a kan ita kanta kwamfutar. A nan suna ɗaya akwati ɗaya ne a duk domen. Hanyar ta dace da hukuma guda mai sunaye biyu, kamar wadda ta sauya suna amma tana son tsohon adireshinta ya ci gaba da aiki. Ba ta dace da Rano da Kibiya na misalin sama ba.

Domen na laƙabi. Ana jera su a virtual_alias_domains. Domen irin wannan ba shi da akwati ko ɗaya. Duk adireshin da ke cikinsa ana karkatar da shi ne zuwa wani adireshin, a cikin sabar ko a wajenta, kamar Gmail.

Domen mai akwatunan kansa. Ana jera su a virtual_mailbox_domains. Masu akwati ba su da asusu a kan kwamfutar. Sunayensu suna cikin jadawali ne kawai, ko a fayil, ko a rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL, ko a kundin LDAP. Ita ce hanyar da masu ba da hayar masauki suka fi bi, domin ƙara sabon domen bai wuce ƙara layi a jadawali ba. Akwai manhajoji irin su PostfixAdmin da cPanel da ke ba da damar naɗa wa kowane domen nasa wakili, wanda zai iya buɗe akwati ko sauya kalmar sirri a nasa domen ban da na wasu.

Domen na miƙawa. Ana jera su a relay_domains. Saba tana karɓar saƙon, wani lokaci ta tace shi, sannan ta tura shi ga wata sabar da ke riƙe da akwatunan. Haka sabar ko-ta-kwana take aiki, wato wadda aka bai wa babbar lambar fifiko a MX don ta riƙe saƙonni idan ta farko ta tsaya.

Takardun Postfix sun yi gargaɗin kada a sa domen guda a rukunin gida da kuma rukunin laƙabi ko na akwatuna a lokaci ɗaya. Haka kuma RFC 5321 ta wajabta wa kowane domen da ke karɓar imel ya mallaki adireshin postmaster, inda ake kai ƙorafin matsalar isar da saƙo. A saba mai domen da yawa akan karkatar da su duka zuwa akwatin mai kula da sabar.

## Ajiya da karantawa

Ana ajiye saƙonni ta ɗaya daga cikin siga biyu da suka fi shahara. A sigar mbox, duk saƙonnin akwati suna cikin fayil guda. A sigar Maildir, wadda ta zo tare da qmail, kowane saƙo da nasa fayil, don haka lalacewar ɗaya ba ta shafar sauran. Akan buɗe wa kowane domen babban fayil nasa, a zuba akwatunansa a ciki, abin da ke sauƙaƙa kwashe domen guda idan masu shi za su koma wani wuri.

Mai akwati yana karanta saƙo ta IMAP ko POP3. IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986, tana barin saƙonni a kan saba, mutum ya gan su a waya da kwamfuta duka. Ƙofofinta su ne 143 da 993. POP3 takan sauko da saƙonni zuwa na'ura ɗaya, ta ƙofa 110 ko 995. Aikawa daga waya ko kwamfuta kuma ta ƙofa 587 ko 465 ake yi, bayan an shigar da kalmar sirri. A saba mai domen da yawa dole sunan shiga ya zama cikakken adireshi. Kalmar sakatare ita kaɗai ba za ta nuna wa sabar wane sakatare ake nufi ba.

Tunda faifan ajiya ɗaya ne, ana sa wa kowane akwati, wani lokaci har kowane domen, iyakar abin da zai iya ɗauka. In ba haka ba, ofishi ɗaya mai yawan karɓar hotuna da takardun da aka ɗauka da sikana zai iya cika faifan, imel na kowa ya tsaya.

## Tabbatar da sahihancin mai aikawa

Karɓar saƙo ya fi aikawa sauƙi. SMTP ta asali ba ta hana kowa rubuta adireshin wani a matsayin mai aikawa ba, shi ya sa aka ƙaro wasu ƙa'idoji. Uku daga ciki ana yin su ne ga kowane domen shi kaɗai:

* SPF, a RFC 7208 ta 2014, bayani ne a DNS da ke jera sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunan domen. A misalin sama, rano.example da kibiya.example kowanne sai ya ambaci sabar a nasa bayanin. Ƙa'idar ta taƙaita tambayoyin DNS da bayani ɗaya zai jawo zuwa 10.
* DKIM, a RFC 6376 ta 2011, sa hannu ne na lissafi da saba ke liƙa wa saƙo. Mabuɗin sirri yana kan saba, na bayyane yana cikin DNS. An fi son kowane domen ya sami nasa mabuɗin.
* DMARC, a RFC 7489 ta 2015, tana duba ko domen da mai karatu ke gani a layin mai aikawa ya dace da wanda SPF ko DKIM suka tabbatar. Mai domen yana zaɓar abin da za a yi da saƙon da ya faɗi: a bar shi, a killace shi, ko a ƙi shi.

Akwai kuma abubuwan da na sabar ne ita kanta. Bayanin PTR yana mayar da lambar IP zuwa suna, kuma a al'ada suna ɗaya ake bai wa lamba ɗaya. Saboda haka sabar tana gabatar da kanta da suna guda, kamar wasika.masauki.example, ko da saƙon na Rano ne ko na Kibiya. Haka ma takardar shaidar TLS da ke ɓoye zance a kan hanya. Mafi sauƙi shi ne kowa ya yi amfani da sunan sabar guda ɗaya. Idan kowane domen yana son nasa suna ya bayyana, sai a sa sunaye da yawa a takarda ɗaya, ko a yi amfani da dabarar SNI, wadda Postfix ta fara goyon baya a siga ta 3.4 a 2019. Let's Encrypt, da ta fara aiki a 2015, tana ba da irin waɗannan takardu kyauta.

Daga watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Gmail tana buƙatar kowane mai aikawa ya mallaki SPF ko DKIM da ingantaccen bayanin PTR, kuma mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana sai ya haɗa SPF da DKIM da DMARC. Domen da aka manta ba a yi masa waɗannan ba, saƙonninsa na iya komawa ko su faɗa cikin tarkace, ko da maƙwabcinsa a saba ɗaya yana aiki lafiya.

## Amfani

Babban amfanin tsarin shi ne tattali. Na'ura ɗaya, lambar IP ɗaya, manhajar tace tarkace ɗaya da ma'aikaci ɗaya sun isa hukumomi da yawa. Lambobin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma rumbun IANA na duniya ya ƙare a watan Fabrairun 2011, don haka ware wa kowane domen lamba tasa tsada ne. Sabunta manhaja da adana kwafin ajiya ma wuri ɗaya ake yi.

Ga ƙaramar hukuma ko makaranta, amfanin ya wuce na kuɗi. Adireshin da aka buɗe kyauta da sunan ma'aikaci nasa ne, kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya yakan tafi da shi tare da duk wasiƙun ofis. Adireshin muƙami a kan domen na hukuma yana nan daram. Kalmar sirri kawai ake sauyawa a miƙa wa wanda ya gaje shi.

## Matsaloli

Suna ɗaya a idon duniya. Masu karɓar imel suna auna halin lambar IP. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suna wallafa jerin lambobin da aka kama suna watsa tarkacen saƙonni. Idan ɓarayin intanet suka sace kalmar sirrin akwati ɗaya a domen ɗaya suka yi ta aika saƙonnin damfara, lambar sabar ce za ta shiga jerin, kuma saƙonnin duk sauran domen za su fara dawowa. Wake ɗaya ne ke ɓata gari. Maganin da ake yi shi ne sa iyaka ga yawan saƙon da akwati zai aika a awa, da tilasta kalmar sirri mai ƙarfi, da raba masu aika saƙo da yawa zuwa wata lambar.

Buɗaɗɗiyar hanya. Sabar da ke karɓar saƙo daga kowa ta miƙa wa kowa, ba tare da tantancewa ba, masu tarkace kan gano ta cikin ɗan lokaci. Dole ta karɓi saƙon baƙo idan na domen ɗinta ne kawai.

Karɓa kafin dubawa. Idan saba ta karɓi saƙo sannan daga baya ta gano babu akwatin, takan mayar da sanarwa ga adireshin mai aikawa, wanda a saƙon tarkace yawanci na jabu ne. Sanarwar sai ta faɗa wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa ake son a ƙi saƙon tun a matakin RCPT TO, kuma sabar ko-ta-kwana ma ta san jerin akwatunan. Akwatin tattara-duka, wanda ke karɓar duk adireshin da babu shi a domen, yakan cika da tarkace.

Karkatar da saƙo. Idan laƙabi ya tura saƙo zuwa Gmail, gwajin SPF na iya faɗuwa, domin sabar da ta miƙa shi ba ta cikin jerin mai saƙon na asali. Ana rage wannan da dabarar SRS, mai sake rubuta adireshin ambulan.

Tsayawar saba. Idan ta tsaya, duk domen sun tsaya. SMTP tana da haƙuri: RFC 5321 ta ba da shawarar mai aikawa ya ci gaba da gwadawa har kwana 4 zuwa 5, kuma Postfix kwana 5 take riƙe saƙo idan ba a sauya saitinta ba. Ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi jinkiri kawai take jawowa. Lalacewar faifai ba tare da kwafi a wani wuri ba kuwa asara ce ga kowa.

Sirri. Mai cikakken iko a kan saba yana iya buɗe kowane akwati na kowane domen, sai dai saƙon da masu shi suka rufe da nasu mabuɗin.

Mallakar domen. Domen haya ce da ake sabuntawa. Idan wa'adi ya ƙare, bayanin MX yakan daina aiki ko da sabar lafiyarta ƙalau. Idan kuma an yi rajistar da sunan ɗan kwangila maimakon hukumar, sauya masauki yakan zama rigima.

## A Najeriya

An yi rajistar .ng a matsayin domen na Najeriya a shekarar 1995. Ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, ita ke kula da shi. A ƙarƙashinsa akwai rukunoni: .gov.ng na hukumomin gwamnati, .edu.ng na manyan makarantu, .sch.ng na firamare da sakandare, .org.ng na ƙungiyoyi, .com.ng na 'yan kasuwa. Hukumar NITDA, da aka kafa a 2001, ita ke tantance masu neman .gov.ng. Jamhuriyar Nijar kuma .ne take amfani da shi.

A watan Fabrairun 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta umarci hukumomin gwamnatin tarayya su koma amfani da domen na gwamnati, su daina yin aikin ofis da adireshin imel na ƙashin kai. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 2006, yana ba ma'aikatu da hukumomi masaukin shafuka da imel, wato domen da yawa a kan na'urori na tarayya. A 2023 aka buɗe cibiyar adana bayanai ta kamfanin a Kano.

A garuruwa irin su Rano da Kibiya, yawancin masu shiga intanet ta layin wayar salula suke shiga. Irin wannan layi bai dace da riƙe sabar imel ba: lambar IP ɗinsa tana sauyawa, sau da yawa mutane da dama ne ke tarayya a kanta, kuma mai layin ba shi da ikon saita bayanin PTR. Saboda haka akan ajiye saba a cibiyar adana bayanai mai tsayayyiyar wuta da tsayayyen layi, ma'aikata kuma su shiga akwatunansu daga inda suke.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta shafi masu riƙe imel na wasu. Idan aka yi kutse, mai riƙe bayanan a madadin wata hukuma dole ya sanar da ita, ita kuma ta sanar da NDPC cikin awa 72 idan kutsen na iya cutar da mutanen da bayanan suka shafa. A saba mai domen da yawa, kutse guda na iya jawo wannan nauyi a kan hukumomi da dama lokaci ɗaya.

## Haruffan Hausa a adireshi

An gina imel da DNS a kan haruffan ASCII, waɗanda babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. Sunayen Rano da Kibiya ba su da matsala, amma Ƙaraye da Ɗambatta sai sun rasa lanƙwasarsu. Hakan na iya haɗa kalmomi biyu su zama ɗaya: adireshin sashen karɓar *baƙi* zai koma *baki*, *ƙasa* ta koma *kasa*. Alamar ɗauri ta cikin *ma'aji* ta halatta kafin alamar @ bisa ƙa'ida, sai dai shafuka da yawa ba sa karɓarta, kuma ba ta halatta a sunan domen ba sam.

Tun 2003 akwai ƙa'idar IDNA, wadda ke mayar da sunan domen mai baƙin haruffa zuwa ASCII da ke farawa da xn--, amma kowace hukumar rajista ita ke zaɓar haruffan da za ta yarda da su. A 2012 RFC 6531 ta kawo SMTPUTF8, mai ba da damar sa haruffan Unicode a duk adireshin. Gmail ta fara mu'amala da irin waɗannan adireshi a 2014, Postfix kuma a siga ta 3.0 a 2015. Sharaɗin shi ne duk sabobin da saƙo zai ratsa su fahimci ƙa'idar, in ba haka ba ya dawo. Saboda haka abin da ake yi shi ne a bar ainihin akwatin da haruffan ASCII, a rubuta sunan mutum ko na ofis da cikakkun haruffan Hausa a gurbin sunan da ke bayyana ga mai karatu, inda aka daɗe da yarda da su.

## Duba kuma

* Imel
* Intanet
* Rano
* Kibiya
* NITDA
* Haruffan boko na Hausa